Rufin da Obadiah Kumai Bai Hau Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga wa Baba Obadiah Kumai takardu, kuma ban tuna makon da ya wuce ba mu yi musu ba. Ofishinmu na kula da gine-ginen makarantun firamare ne, ɗaki biyu da baranda a Kafanchan, kusa da layin dogo, inda in jirgi ya wuce sai kofunan shayi su yi ta rawa a kan tebur. Ni ce mai tafireta. Shi kuma mai duba gini ne. Ya hau babur ɗinsa ya zaga ƙauyuka, ya dawo da rahoto cikin rubutun hannun da duk ofishin ni kaɗai ke iya karantawa. Sunana Lucy, amma bai taɓa kirana da shi ba, kullum Maman Clara.

Asalinsa kafinta ne. An haife shi a wani ƙauye gefen Samaru Kataf, ya yi aji huɗu a makarantar mishan, mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya nan. Fasto ne ya haɗa shi da wani tsohon kafinta mai rufin majami'u, ya bi shi shekara tara yana riƙe masa zarto. Kafin ya kai talatin ya zama mai gidan kansa, kuma daga Samaru har Gwantu da wuya ka yi tafiyar yini ba ka wuce kwanon da ya buga ba. A 1964 aka ɗauke shi aikin hukuma, don ofishin cike yake da masu takardar shaida amma babu wanda ya san katako. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na hagu babu farce. Dattijon ikilisiya ne kuma, irin wanda in ya tashi yin sanarwa mata kan gyara zama, don sun san abincin rana zai huce.

Turancinsa ba na makaranta ba ne. A jikin gwangwanin fenti ya koye shi, da takardun odar kayan gini, da wani ƙaramin ƙamus mara bango da yake ɗaurewa da roba. In yana magana da Turanci sai ka tausaya wa yaren. Amma abin da ya shafi lalacewar abu, ban ga malamin da ya kama ƙafarsa ba, har masu digiri da suka fara zuwa mana daga baya.

Mu a ofis komai "ya lalace" ne. Kujera ta lalace, rufi ya lalace, ɗan makwabta ya lalace. Wannan kalma tana ba shi haushi. Yakan ce kalmar malalata ce, mai faɗinta bai duba ba. Takardar rahotonmu da Turanci ake cika ta, kuma akwai gurbi guda da ake rubuta halin da rufi yake ciki. A wajen Baba Obadiah, kalmomi uku ne suke da izinin shiga wannan gurbi, kuma ya sha zaunar da ni yana bambance mini su kamar ban taɓa ji ba.

Ta farko "worn", wato abin da aiki ya ci. Dokin ƙofar da ƙafafun yara suka goge har ya yi kwari, allon da alli ya cinye baƙinsa, bencin da ya yi santsi don zama. Babu laifin kowa a ciki, kuma da girmamawa yake faɗinta. Ta biyu "disrepair". Wannan kwano ɗaya ne ya ɗaga, ƙusa biyu za su gyara shi, hedimasta ya gani ya wuce, damina uku tana zuba a kan katako. Abin da za a iya gyarawa ne aka ƙi, saboda haka duk inda ka ga kalmar, akwai mutum a bayanta. Ta uku ita ce yake rage murya in zai faɗa, "decay". Ita daga ciki take ci. Gara ce, ko ƙwaron katako, ko danshin da ya kwanta a zuciyar itace. Daga waje sai ka ga katako lafiya lau, har da fenti, alhali ciki gari ne. Ba ta da gyara, sai dai a sauke a sa sabo.

Ba iyayi ba ne kawai, don kowace kalma da inda take kai takarda. In ya rubuta ta farko, ginin ya shiga layin jiran sabuntawa, yara su ci gaba da zama. In ta biyu ce, hedimasta ya samu takardar tuhuma. In ta uku ce, a rufe ginin ranar, a kuma koma fayil a ga wanda ya duba shi na ƙarshe da abin da ya ce.

Hedimastoci kuwa akwai kalmar da suka fi so, "dilapidated". Duk wasiƙar koke da ita take farawa. Shi kuma ya ɗauki jan biro ya soke ta. Ya ce wannan gini ne da ya zube ta ko'ina, bango da rufi da ƙofa, har ba ka san inda za ka kama ba, kuma a duk ƙasarmu bai ga irinsa ya wuce biyu ba. Sauran masu rubuta ta sabon gini suke nema. Wani ya taɓa kuka wai ajinsa ya zama kango, Baba Obadiah ya je ya dawo ya rubuta "shabby", ya ce farar ƙasa bokiti biyu ce maganinsa. Mutumin bai ƙara gaishe shi ba.

Ko a gida bai bar mutane sun huta ba. Matarsa, Mama Afiniki, ta gaya mana a zumuntar mata cewa ya hana ta yar da tsohon turminta, wai aiki ne ya ci shi, bai yi laifin komai ba. Amma keken ƙaninta, wanda aka jingine a bayan ɗaki babu sarƙa wata takwas, kullum sai ya tsaya a kansa ya girgiza kai ya kira masa waccan kalma ta biyu. Ƙanin ya gaji ya ɗauke kekensa ya kai gidan aboki.

Ni ma ban tsira ba. Wata Alhamis ina sauri in je koyon waƙa, na buga "worn" a inda ya rubuta "decayed". Ya sa na sake buga shafin gaba ɗaya, kwafi huɗu da kabon. Raina ya ɓaci, na ce masa ko Baturen da ya haifi yaren bai damu da shi haka ba.

Ya ce, "Maman Clara, yaran Bature ba su zauna a ƙarƙashin wannan rufi ba."

Na buga ina ƙunƙuni, kuma na makara.

Yadda yake aiki kowa ya sani. Akwai ƙusa mai inci shida a aljihun rigarsa. Duk makarantar da ya je, kafin ya karɓi ruwan sha, sai ya nemi tsani, in babu ya taka taga. Ya shiga cikin rufi da rarrafe, ya ƙwanƙwasa kowane katako ya saurara, ya danna ƙusa, ya sansana bakinta. Ya sauko da yanar gizo a kai da kashin jemage a gwiwa, sannan ya gaisa da mutane. Yana da shekara hamsin da shida yana wannan hawa, kuma da shi yake wa matasan ma'aikata gori, masu tsayawa a tsakar aji su ɗaga kai su rubuta rahoto.

Sai 1975 ta zo. Bayan canjin gwamnati na tsakiyar damina aka shiga sallamar ma'aikata. Kullum rediyo na karanto sunaye, wane an yi masa ritaya, wane an kore shi, kuma duk nan take. Wasu sun cancanta, wasu kuwa tsautsayi ne kawai ya rutsa da su. Mutum ya zo aiki da safe da farar riga, kafin azahar ya koma gida da biro ɗinsa a hannu. Kowane ofis ya yi tsit. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to mu har wanka muka yi. Ni da kaina na daina zuwa da kwanon gyaɗar da nake sayarwa a ƙarƙashin tebur.

Cikin wannan hali, a watan Oktoba, rufin aji huɗu ya faɗi a wata makaranta bayan Gwantu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen suna nan da ransu. Ranar Asabar ce da hantsi, babu iska babu ruwa, babu kowa a ciki. Benci goma sha ɗaya suka karye. Ginin dogo ne guda ɗaya mai aji huɗu a jere, kuma sauran ajin uku suna tsaye da rufinsu, yara wajen ɗari da arba'in suna shiga kullum.

Hedimastan wurin, Malam Nicholas, ba waliyyi ba ne. An san ya fi sanin kunyoyin gonar doyarsa fiye da tagogin makarantarsa, kuma akwai wasiƙa a fayil da aka taɓa tuna masa kwano biyu da suka ɗaga. Yara tara gare shi. Ya zo ofis ranar Litinin da kansa ya kawo labari, ya zauna a bencin baranda yana juya hula a hannu, ko ruwan da na ba shi bai sha ba. Duk wanda ya gan shi ya san abin da yake tsoro.

Baba Obadiah ya tafi ranar Talata, bai dawo ba sai Alhamis da rana. Bai yi sallamarsa mai tsawo ba. Ya ciro ambulan daga aljihu ya zazzage a kan teburina, sai ga wani gari rawaya-rawaya kamar na masara. Na ce mene ne wannan a kan takarduna. Ya ce katakon tsakiya ne na aji huɗu, kuma na aji ɗaya da biyu da uku duk haka cikinsu yake. Sannan ya ce in ɗauko masa fayil ɗin makarantar.

Na ɗauko, na buɗe da kaina don na san inda komai yake. Rahoton ƙarshe na 1973 ne. A gurbin rufi an rubuta "worn", an ƙara da cewa katako na da ƙarfi. Sa hannunsa ne a ƙasa, da haruffan sunana a gefe. Can ƙarshen fayil kuma akwai tsohuwar takardar da mishan suka miƙa lokacin da makarantar ta dawo hannun hukuma. An yi rufin a 1954, sunan kafinta O. Kumai.

Na dube shi, na ce, "Baba, a saba'in da uku ɗin nan ƙusarka ba ta ji komai ba?"

Ya ce, "Ban hau ba."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya maimaita. Ya ce sau huɗu yana duba makarantar nan tun da ta shigo hannunmu, bai taɓa hawa ba. Yakan tsaya a ƙofa ya ɗaga kai ya rubuta.

Gaskiya dariya ce ta fara zo mini, sannan haushi ya biyo. Mutumin da ya sa na makara koyon waƙa saboda kalma ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A raina na gama yanke masa hukunci, na ce girman kai ne, yana ganin aikin hannunsa ya fi ƙarfin ƙwaro. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Ya tattara garin da gefen hannu ya mayar cikin ambulan.

Shugaban ofishinmu, Malam Dogara, wanda muke kira Oga, mutumin kirki ne mai gudun fitina. Ya kira mu ɗakinsa mu biyu, ya rufe ƙofa. Ya ce babu abin da yake so illa shekarar nan ta ƙare da mutanensa cif. Ya shimfiɗa maganar a fili. In aka rubuta "worn", ya yi daidai da rahoton baya, rufin shekara ashirin da ɗaya ne, tsufa ne, babu mai laifi, kuma shi zai yi ƙoƙari a sa makarantar a gaban layi. In kuma na sama suka nace sai an ba su suna, to ga wasiƙar kwano biyun nan a fayil, "disrepair" za ta zauna daram, ba wanda zai ce an yi ƙarya. Amma in aka rubuta ta ukun, a wannan shekara, da wannan fayil, shi ba shi da hannun da zai kare kowa. Ya tuna wa Baba Obadiah saura shekara huɗu ya yi ritaya da mutuncinsa.

Baba Obadiah ya tambaya, in an sa makarantar a gaban layi, yaushe za a sauke rufin. Oga ya ce wataƙila baɗi, wataƙila baɗin baɗaɗa, ya danganta. Ya tambaya ko yara za su ci gaba da shiga kafin nan. Oga ya ce za a iya tura wa katakon sanduna daga ƙasa. Baba Obadiah ya ce ba a tokare gari da sanda. Game da Malam Nicholas kuma, ya ce kwanukan da suka ɗaga suna can ƙarshen aji ɗaya, rufin da ya faɗi na aji huɗu ne, ko mutumin ya kwana yana buga ƙusa ba zai hana abin da ya faru ba.

Oga ya ce, "Ka je ka kwana da maganan, Baba. Gobe ma rana ne."

Washegari ya ajiye mini rubutunsa. Ya sa "decay", ya ce a rufe ajin uku nan take. A ƙasa ya ƙara layi biyu da ba wanda ya tambaye shi: mai duba ginin a 1973 bai shiga cikin rufin ba, kuma hedimasta ba shi da hanyar ganin ɓarnar daga ƙasa.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Haushina na jiya ya wuce, tsoro ya maye gurbinsa, don duk musunmu ina ƙaunar tsohon nan kamar ubana. Na buga rahoto biyu. Ɗaya yadda ya rubuta. Ɗaya kuma na sa "worn", na cire layi biyun, na ƙara da cewa ana ba da shawarar sabunta rufin cikin gaggawa. Na ɗora nawa a sama na kai masa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, a hankali, yana bin layi da yatsa.

Na ce, "Baba, ka yi tunanin Mama. Ga ɗanka Leonard bai gama sakandare ba. Ai na sa gaggawa a ciki."

Ya ce, "Kin buga shi da kyau, ba mistek ko ɗaya. Amma takarda mai wannan kalma, Monday yara za su shiga aji. Ke kin san haka, ke kina aika takardun."

Ya miƙo mini shi, ya sa hannu a ɗayan. Na koma teburina na yi kuka, na ce wa masinja mura ce.

An rufe ajin cikin mako guda. Wasiƙarsa kuwa ta zo a farkon Disamba, layi huɗu, an yi masa ritaya nan take saboda sakaci a bakin aiki. Ni na karɓa na sa a littafin shigowar wasiƙu. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya miƙa wa Oga makullin babur, ya tafi gida a ƙafa. Kafin Kirsimeti ya kafa rumfa a bayan kasuwa yana yin benci da akwatin gawa, sana'ar da ya riƙe ke nan har ƙarfinsa ya ƙare. Malam Nicholas ya tsira da aikinsa. Ban tsammanin ya san yadda wuƙa ta wuce ta gefen wuyansa ba, don da ya zo karɓar alli a watan Janairu kukan da yake yi shi ne an bar shi da yara a gindin mangwaro.

Mutanen ƙauyen ma ba godiya suka yi ba. Aji biyu suka koma cikin majami'a, biyu a gindin itace, akuya na cin littattafai, yara na gudu gona. Su a idonsu ginin lafiya lau yake, ga shi tsaye da fentinsa an garƙame shi da kwaɗo. Iyayensu ne suka ɗauko duwatsun ginin a ka daga rafi. Aka ce wai Baba Obadiah ya ga zai faɗi ne ya ja makarantar su faɗi tare. Shugabar zumuntar matansu, wata doguwar mace mai suna Caroline, ta biya kuɗin mota har Kafanchan, ba ta same shi a ofis ba, ta bi shi rumfarsa. Waɗanda suka gani sun ce ta wanke shi tas a gaban mutane, ta ce 'yarta Emilia ta fara iya karatu ke nan ya mayar da ita ƙarƙashin itace kamar zamanin da. Ya bar ta ta gama yana ta feƙe katako.

Sai a watan Fabrairu aka ba da izinin sauke rufin. Oga zai je ya shaida, na roƙi wuri a mota. Kada in yi ƙarya, doyar kasuwar Gwantu ce ta kai ni. Muna isa muka tarar da Baba Obadiah ya riga mu, ya zo a motar kasuwa tun jiya ya kwana gidan fasto. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma mai biyansa. Ya ce wa Oga shi ya haɗa katakon, shi ya san wanda za a fara cirewa kada sauran su rufto kan mutane. Oga ya yi kamar bai ji ba, ya bar shi.

Rabin ƙauyen ya fito kallo, yawancinsu fuska a ɗaure. Aka ɓalle kwano aka jera a gefe. Baba Obadiah yana ƙasa yana nuna wa samari inda za su taka da inda ba za su taka ba. Da aka zo kan babban katakon tsakiya na aji ɗaya, aka ɗaura masa igiya biyu, maza huɗu suka riƙe suna shirin nauyi. Ya sauko kamar kara. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga gefe guda da hannu ɗaya, ya dubi 'yan uwansa.

Aka kwantar da shi a tsakar fili. A ido ba abin da ya same shi, baƙi, miƙaƙƙe, har da alamar fensir ɗin kafinta a jiki. Caroline ta ratso mutane ta tsaya a kansa. Ta ce to ga shi nan, a nuna mata ciwon. Sai ta sunkuya ta danna shi da babban yatsa don ta nuna ƙarfinsa. Yatsan ya shige har gindi. Da ta zare, gari ya biyo yana zuba a kan ƙafarta, bai tsaya ba.

Ta juya ta nemi malamin aji ɗaya, ta tambaye shi ina Emilia take zama. Malamin ya shiga ajin da babu rufi, ya tsaya a layi na biyu daga gaba, a tsakiya. Kowa ya ɗaga kai ya ga ramukan bango biyu da katakon ya fito daga ciki, ya kuma ga inda malamin yake tsaye. Caroline ta zauna a ƙasa inda take, da zanenta na fita.

Mai unguwa, tsoho ne ƙwarai, ya tako da sandarsa ya kama hannun Baba Obadiah da hannu biyu. Ya fara cewa sun yi masa rashin adalci, Allah ne ya aiko shi. Ni ma a lokacin zuciyata ta cika, ina ta neman idon Oga don ya ga irin mutumin da muka rasa. Baba Obadiah ya zare hannunsa.

Ya ce, "Baba, kar ka gode mani. Wannan itace ni na sare shi, a watan Agusta, ana ruwa. Ɗanye ne. Mishan sun ce dole a buɗe makaranta a Janairu, ban jira ya bushe ba, na shafa mashi baƙin mai na ɗora. Na san abin da ƙwaro yake yi da ɗanyen katako, tun ina yaro na sani. Na ce bayan shekara biyu zan dawo in canja. Ban dawo ba."

Ya dubi Caroline a ƙasa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Maman Clara ta ce girman kai ya hana ni hawa. Ba shi ba ne. Duk zuwa na nan, ina tsaya a ƙofa, ina ganin yara a zaune, na san abin da zan samu a sama. Tsoro na ji."

Mai unguwa ya tsaya da hannuwansa a buɗe, bai san inda zai kai su ba. Baba Obadiah ya juya ga samarin, ya ce su kwance igiya, saura na aji biyu da na aji uku.